Gidajen gado na komawa ɗakunan ɗalibai a Samaru: ina masu iyali za su nufa?

Maman Husna: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah duk wanda ya san inda ake ba da hayar ciki da falo ko ɗaki biyu na mai iyali, daga wajen kasuwar Samaru zuwa Hayin Dogo, ya taimaka mini. Shekararmu 11 a gidan da muke ciki, a nan na haifi uku daga cikin 'ya'yana. Mai gidan ya rasu bara, magada suka sayar, wanda ya saya ya ba mu wata uku mu tashi. Iyali biyar ne a gidan. An ce rushe shi za a yi a tayar da bene na ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Samarun Zariya. Na je wajen dillalai huɗu, kowanne abin da yake fara tambaya shi ne, ɗalibi ne ko mai iyali? Da na ce mai iyali sai ya ce babu. Gidanmu ne na huɗu a layinmu da aka yi wa haka. Abin da ya fi hana ni barci makarantar yara, biyu suna firamare, babbar tana shirin jarrabawar aji shida.

Ɗan Hayin Dogo: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita, Maman Husna. Mu ma nan abin ya iso mu. Da can Hayin Dogo ake gudowa idan haya ta yi tsada a cikin Samaru, yanzu daga nan ma sai Bomo ko hanyar Basawa. Zan tambaya miki gobe in sha Allah.

Anti Ladi: Sannu 'yar'uwa. Ni ma shekara biyu ke nan da aka tashe mu, yanzu muna can bayan Palladan. Kuɗin keken kai yara makaranta kullum ya kusa kamo kuɗin hayar tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ƙarshe sai da na cire su daga makarantar da suka saba. Idan kin samu kusa, ko ya fi tsada kaɗan, ki kama.

Baban Sadik: Allah ya ba ki inda ya fi alheri, Hajiya. Amma ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ya yi irin abin da ake kuka a kai. Mahaifinmu ya rasu ya bar mu 14, maza da mata, ga iyayenmu mata biyu, gida kuwa ɗaya. Ta yaya za a raba zaure da ɗakuna bakwai tsakanin mutum 16? Wasu ƙannena mata suna gidan aure a Kaduna da Funtuwa, haƙƙinsu suke so a hannu. Na sayar da gonata na biya su, na rushe ɓangare ɗaya na fitar da ɗakuna takwas masu bayi da kicin a ciki. Da wannan kuɗin nake riƙe iyayenmu da marayun yayana. Ɗalibi yana biyan shekara gaba ɗaya, in ya gama karatu ya ba ka makulli ya tafi. Mai iyali kuwa, kun san halin da ake ciki, in ya gaza ba ka da fuskar da za ka kore shi, tare kuke sallah. Ban ce abin da ya sami Maman Husna daidai ba ne. Ina so dai a san ba mugunta ce ke sa kowa yi ba.

Maman Husna: Baban Sadik, ban zargi magada ba wallahi, dukiyarsu ce. Ko sau ɗaya ba mu taɓa jinkirin kuɗin haya ba, shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Wata uku, a tsakiyar zangon karatu.

Baban Sadik: Wannan kam an takura ku. Ni sai da na ba nawa shekara guda.

Ɗalibar Aji Huɗu: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni ɗaliba ce kuma ina zaune a cikinku. Yadda ake maganarmu kamar mu ne da kuɗi yana sosa mini rai. Mu uku ne a ɗaki ɗaya, muka haɗa kuɗi muka kama. Mahaifina ɗan fansho ne. Babu wadda a cikinmu ba ta nemi gado a cikin makaranta ba, ko a ɗakunan kwanan mata na Amina ko na Ribadu, a rana ɗaya ake cinye su a intanet. Bayan kuɗin ɗaki akwai na dillali, akwai na yarjejeniya, akwai wanda ake cewa na ajiya ko da ka lalata wani abu, kuma ba mu cika ganin an dawo da shi ba. A 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, muna gida haya tana tafiya, da muka dawo aka ce mu sabunta. Wanda ya samu bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, naira 20,000 ake ba shi a wata, ku auna da kuɗin abinci kawai. Da akwai wuri a ciki da babu abin da zai zaunar da ni a waje, ko don tsoron dawowa daga karatu da dare.

Mai Shagon Kwana: Gaskiya ta faɗa. Kuma mu 'yan kasuwa kada mu manta da wancan wata takwas ɗin. Ni da idona na ga masu abinci sun kife tukwane, masu hoton takardu sun rufe shago, 'yan acaɓa suna barci a kan babur. Samaru ba ta da wata masana'anta da ta wuce jami'ar nan. Ranar da ɗalibai suka bar mu, mun shiga uku.

Tsohon Hedimasta: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina so in mayar da mu kan kalma ɗaya da Maman Husna ta faɗa aka wuce ta, wato makaranta.

Samaru gari ne da aikin gwamnati ya haifa. Tun 1922 akwai tashar binciken aikin gona a nan, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR, sannan jami'a ta buɗe a 1962. Iyayenmu da yawa leburori ne, masinjoji, direbobi, masu dafa abinci da masu gadi, daga kowane sashe na ƙasar nan. Ba su yi boko ba, amma sun ga abin da boko ya yi wa waɗanda suke yi wa aiki, sai suka dage a kan 'ya'yansu. A ajin da na yi firamare akwai ɗan lebura da ɗan akawu da ɗan mai unguwa a benci ɗaya. Idan malami ya yi fashi, kafin azahar wani uba ya zo ofishin hedimasta. Wannan sa idon shi ne ya riƙe makarantar, ba gini ba.

Na yi shekara 35 ina koyarwa, kuma ga abin da na gani a shekarun ƙarshe. Mai ɗan hali ya kwashe 'ya'yansa zuwa makarantar kuɗi. Ma'aikacin jami'a yana da makarantar 'ya'yan ma'aikata a ciki. Aka bar ta gwamnati ga wanda ba shi da zaɓi. A cikin waɗanda suka rage, masu zuwa taron iyaye, masu duba littafin yaro da dare, irin su Maman Husna ne, kuma su ne yanzu haya take kora. Duk gidan iyali biyar da aka mayar ɗakunan ɗalibai, makarantar unguwa ta rasa iyaye biyar masu magana. Ɗalibi ba shi da ɗa a firamare, wanda ya gina benen sau da yawa ma ba a garin yake zaune ba. Wa zai tambayi dalilin da ya sa rufin aji ya yaye tun damina biyu?

Yaran da aka tasa kuma ba duka ke komawa aji ba. Na sha rubuta takardar canjin makaranta, bayan shekara in gamu da yarinyar da farantin talla a bakin babbar ƙofar jami'a. In tambaye ta, ta ce inda suka koma makaranta da nisa. Yarinya tana sayar wa ɗaliban jami'a gyaɗa, ita kuma ba ta iya rubuta sunanta ba. Wannan abin yana ci mini rai har yau.

Anti Ladi: Baba, kun taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Allah ya ƙara lafiya.

Ɗan Hayin Dogo: Baba Hedimasta, da girmamawa, amma lalacewar makarantun nan ta riga benayen ɗalibai. Ai kun tuna 2017, da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufai ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin ɗari. Wannan ba laifin masu gidan haya ba ne.

Tsohon Hedimasta: Na tuna sarai, ɗana, a gabana aka yi. Akwai waɗanda bai kamata su taɓa riƙe alli ba, 'yan siyasa ne suka cusa su, wannan ba na musu. Akwai kuma ƙwararru da guguwar ta tafi da su, ƙungiyar malamai ta yi ta jayayya a kan yadda aka shirya jarrabawar. An ce za a ɗauki sababbi 25,000, an kuma ɗauka, wasunsu masu digiri ne masu ƙoƙari. Amma ka kawo malamin da ya fi kowa, ka zuba masa yara sama da ɗari a aji, rabi a ƙasa, me zai yi? Lokacin da aka fara ciyar da 'yan firamare a 2016 azuzuwa suka cika har taga, bayan an ci abinci wasu su sulale. Ban ce haya ce ta kashe makaranta ba. Cewa na yi majinyaci ne, yanzu kuma ana janye masu jinyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Malama Mai Lesin: Ina koyarwa a makarantar kuɗi, bari in faɗi abin da ba a so a ji. Yawancin waɗanda ke cikin lunguna gidan haya ne aka yanka da falanki, babu filin wasa, bayi ɗaya. Albashinmu bai kai mafi ƙarancin albashi ba, shi ya sa malami ba ya shekara biyu a wuri ɗaya. Iyaye suna ganin yaro ya iya gaisuwa da Turanci sai su ɗauka an gama. Ku ba shi jarida ya karanta muku sakin layi ɗaya, ku tambaye shi me ya fahimta. Su ma masu makarantun haya ce ke cinye su, wata da na sani an tashe ta don za a yi ɗakunan ɗalibai a wurin.

Magini: Ni aikina ke nan, na gina irin waɗannan benaye ba ɗaya ba ba biyu ba, don haka bari in faɗa muku abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Fili ƙafa 50 da 50 wanda da iyali biyu ke ciki, yanzu ana fitar da ɗaki 12 zuwa 16, kowanne da bayinsa. Mai gini ba ya son ya bar ko taku ɗaya, sai ya ci har bakin kwata. Ramin masai ɗaya ake haƙawa, ƙarami, wani lokaci kusa da rijiyar maƙwabci. Sannan a haƙa burtsatse mai zurfi, rani na yi rijiyoyin layin su ƙafe, waɗanda suke da rijiya tun kakanni su koma sayen ruwa wajen 'yan garuwa. Taransifoma kuma wadda aka kafa don gida 40 ce, yanzu kowane ɗaki akwai hita da abin girki na lantarki. Duk wannan da ana bin tsarin da hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, KASUPDA, ke bayarwa kafin gini da an rage. Da yawa ba sa neman izinin ma, sai an zo an shafa jan fenti sannan a fara guje-guje. Na sha ba masu gini shawara su bar tazara, amsar ita ce, kai dai yi abin da aka sa ka.

Maman Husna: Rijiyar gidanmu ma bana ta ƙafe tun watan Fabrairu, ba ta taɓa yi ba. Ashe dalilin ke nan.

Alaramma: Akwai abu biyu na shari'a da nake so 'yan'uwa su sani, don jahilcinsu yana jawo asara. Na farko shuf'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan gida na tarayya ne ba a riga an raba shi ba, ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da aka saya. Magada da yawa da suke son riƙe gidan ubansu ba su san da wannan ba, sai su ga baƙo ya shigo su sallama. Maƙwabci da ɗan haya ba su da wannan haƙƙin a wajenmu, kada a fahimce ni ba daidai ba.

Na biyu tagogin bene. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa. A kan haka malamanmu suka hana buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci. Yau matan aure a layuka da yawa ba sa iya wanki ko shan iska a tsakar gidansu sai da hijabi, saboda baranda tana kallonsu. Wasu wannan ne ma ya sa suka sayar suka tashi, ba talauci ba. Mai gini ya ɗaga tagar sama da tsayin mutum ko ya juya ta wajen titi, ba zai rasa ko kwabo ba.

Baban Sadik: Allah ya gafarta Malam, nawa ba bene ba ne, amma na karɓi wannan. Maganar shuf'a kuwa yau na fara ji, da na sani da wani ɗan'uwanmu bai yi asarar gidansu ba.

Injiniya Ƙarami: Ni ina ganin muna kallon abin ta gefe ɗaya. Unguwa ba za ta zauna yadda take a 1980 ba. Lungunan da mota ba ta shiga, mai naƙuda sai an ɗauko ta a baro zuwa bakin titi, wannan ne muke son adanawa? Shirin sabunta birane da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, daga baya aka kawo shi Zariya da Kafanchan, duk inda titi da magudanar ruwa suka bi an ga bambanci. Ni ina son kwalta ta shigo layinmu ko da za a ci katangarmu.

Anti Ladi: Ƙanena, katangarku ce, gidan naku ne. Kwalta na shigowa darajar gidanku ta tashi. Mu 'yan haya kwalta na shigowa takardar ƙarin kuɗi ce ke biyo ta. Ba ƙin titi muke ba, so muke a tuna da mu a lissafi.

Ɗan Hayin Dogo: Kuma ko masu gidan ba duka ke tsira ba. A tambayi mutanen unguwar Graceland ta nan Zariya abin da ya faru a 2021, da aka rushe gidaje a kan filin da aka ce na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne. Mutane sun sayi fili da takardar mai unguwa da shaidu, suna ganin sun mallaka. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take. Duk wanda a cikinmu yake da gida bai yi rajista da hukumar rajistar filaye ta jiha, KADGIS, ba, ya je ya yi tun kafin awon titi ya iso, don ranar biyan diyya takardar gwamnati ake dubawa.

Injiniya Ƙarami: Na yarda da ku biyun. To amma mafita ai ba hana gini ba ce. A gina wa ɗalibai a cikin makaranta, fili ne da ita har ba a ganin ƙarshensa. Gidauniyar Ɗangote ta gina ɗakunan kwana na sama da ɗalibai 2,000 aka buɗe a 2019. Da masu kuɗin da ke saye gidajen gado a lunguna za su haɗa jari su yi yarjejeniya da jami'a, su gina a ciki su ci riba na wasu shekaru sannan su miƙa, da ɗalibai sun samu tsaro, unguwa ta numfasa.

Mai Shagon Kwana: In duk suka koma ciki mu kuma mu sayar wa wa?

Ɗalibar Aji Huɗu: Baba mai shago, ko an ninka gadajen ciki ba za su ɗauke mu duka ba, ga masu aure, ga masu digiri na biyu. Kasuwarku ba za ta mutu ba.

Amma maganar Baba Hedimasta ce ta tsaya mini. Kullum ina wuce yaran nan a bakin ƙofa, ban taɓa tambayar ko suna zuwa makaranta ba. A gidan da nake mu 20 ne da wani abu, akwai masu karanta lissafi, akwai 'yan tsangayar ilimi da ake tura su koyon koyarwa. Idan za a ba mu aji ranar Asabar da safe, ni zan kawo mutum biyar mu riƙa koya wa 'yan aji huɗu zuwa shida karatu da lissafi kyauta. Sai dai ba ma so mu shiga ba da izini ba.

Tsohon Hedimasta: Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kada ku shiga kai tsaye, akwai hanya. Kowace firamare ta gwamnati tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, mai unguwa da iyaye da hedimasta suna ciki. Ta nan za a bi, su kuma su sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ni zan kai ku da kaina. Sharaɗina ɗaya, wanda ya san zai zo sati biyu ya ɓace kada ya fara, yaran nan an sha yi musu haka. Kuma kada wannan ya sa a sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Malamai da azuzuwa da bencina haƙƙin yaran ne, za mu ci gaba da rubuta takarda muna nema.

Malama Mai Lesin: Ku sa sunana. Ina da katunan koyon haruffa da na yi da kwali, zan kawo.

Baban Sadik: Alli da littattafan rubutu na zangon farko a kaina. Sannan ina roƙon Alaramma da Baba Hedimasta, idan za a je wajen mai unguwa a haɗa da maganar wa'adi. A yi yarjejeniya a unguwa cewa duk wanda ya sayi gida da masu iyali a ciki, kada ya tashe su sai ƙarshen shekarar karatu. Ba doka ba ce, amma in dattawa suka faɗa dillalai za su ji kunya.

Magini: Wanda ke zaune a Abuja ya aiko da kuɗi a saya masa ba ya jin kunyar mai unguwa. Amma a gwada. Ni dai daga yau ba na ɗora taga a kan tsakar gidan kowa, in mai gini ya ƙi ya nemi wani.

Alaramma: Na yi magana da mai unguwa yanzu ta waya. Ya ce Asabar bayan la'asar a ƙofar gidansa. Maman Husna, ki turo maigidanki da takardar da aka ba ku, za mu nemi wanda ya sayi gidan ya ƙara muku zuwa bayan jarrabawar yarinyar. Ban yi miki alkawarin zai yarda ba.

Maman Husna: Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zai zo in sha Allah, sauran iyali huɗun ma na faɗa musu. Ɗaya daga cikinsu bazawara ce da yara shida, ita ko kuɗin dillali ba ta da shi. Ɗan Hayin Dogo, don Allah kada ka fasa tambayar nan gobe, kuma in an samu ɗaki ɗaya ma ka faɗa mini saboda ita. In dai yara za su iya zuwa makaranta da ƙafa, ko babu wuta za mu shiga.